KASUWA DA ALƘALAMI: Mai yi wa mutane lissafi ya fara da na kansa



Makon jiya wani ƙanena, ɗan maƙwabcinmu, ya same ni gida bayan sallar isha'i, jakar kwamfutarsa rataye a kafaɗa, fuskarsa ba walwala. Yaro ne mai ƙwazo. Ya yi karatun ƙididdiga da na'ura mai ƙwaƙwalwa a jami'a, ya yi shekara 3 yana aiki a wani proje a Yamai, da projen ya rufe sai ya dawo Maraɗi ya ce zai tsaya da ƙafafunsa. Yau wata 14 ke nan. Aiki bai yanke masa ba, ƴan kasuwa suna kiransa, ƙungiyoyi suna nemansa, amma abin da ya kawo shi wurina rancen kuɗin haya ne. Ya ce mani: "Yaya, abin ya ɗaure mani kai. Kullum ina cikin aiki, kullum kuma aljihuna wayam."

Na ce ya nuna mani littafin da ya ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Sai ya sunkuyar da kai. Babu littafi. Mutumin da sana'arsa ita ce ya nuna wa attajirai inda kuɗinsu ke zurarewa, bai taɓa zama ya duba inda nasa ke bi ba. Da ma Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Hirar da muka yi a daren nan ita ce na ga ya dace in kawo maku, domin ta shafi samarinmu masu wannan sana'a, ta shafi ma'aikatan da ke tunanin barin biro su shige ta, ta kuma shafi ƴan kasuwan da ke biyan kuɗin aikin.

Wace sana'a ce wannan?

Da Faransanci ana ce mata informatique décisionnelle, mu kuwa sai mu ce nazarin bayanan kasuwanci. A ɗauki misalin wani Alhaji mai mangaza a Maraɗi, da kanti a Tasawa, da wani a Damagaram, da manyan motoci 4 bisa hanya. Kowane yaronsa da littafinsa, wani yana rubutawa a Excel, wani a kwali, wani kuwa saƙon murya ya ke turowa ta WhatsApp. Alhaji ya san kuɗi suna shiga suna fita, amma in ka tambaye shi wace haja ce ta kwana wata 3 ba ta motsa ba, ko wa ya riƙe masa bashi fiye da kwana 60, ko wace mota ce ke shan gazuwal fiye da abin da ta ke kawowa, sai ya yi ƙiyasi. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima.

Aikin mai nazarin shi ne ya tattara waɗannan bayanai, ya tsabtace su, ya haɗa su wuri guda, sa'annan ya fito da allo ɗaya wanda maigida zai duba a wayarsa da safe ya san abin da zai saya, da abin da zai karyar, da wanda zai aika wa a karɓo bashi. Kayan aikinsa su ne Excel, da harshen tambayar rumbun bayanai da ake kira SQL, da manhajoji irin su Power BI na kamfanin Microsoft ko Tableau. Bankuna, da asusun ajiya da bashi na ƙananan masu sana'a, da kamfanonin sufuri, da gidajen magani, da ƙungiyoyin agaji, duk suna buƙatar irin wannan aiki, kuma ba kowa ke iya ɗaukar ma'aikaci na dindindin dominsa ba. Nan ne mai zaman kansa ke samun abinci.

Yini nawa ke cikin shekararka?

Kuskuren ƙanen nawa na farko shi ne ya auna kansa da mudun mai albashi. A proje yana karɓar jika 300 a wata. Sai ya raba 300.000 F gida 22, yawan ranakun aiki na wata, ya samu wajen 13.600 F, ya ɗan ƙara ya mai da shi 15.000 F a yini, har yana ganin ya ci riba. Bari mu sake lissafin tare, da alƙaluman misali, kowa ya sa nasa a gurbinsu.

Shekara kwana 365 ce. A cire Asabar da Lahadi, kwana 104, saura 261. A cire ranakun salla da sauran ranakun hutu, da rashin lafiya, da suna da biki da ta'aziyya waɗanda ba mai tsere masu a ƙasarmu, a ce kwana 40, saura wajen 220. To, waɗannan 220 ba dukansu ake biyan mai zaman kansa ba. Ranar da ya tafi gaida wani Alhaji don neman aiki, ba mai biyansa. Ranar da ya kwana yana rubuta takardar neman kwangila, aka ba wani, ba mai biyansa. Haka ranar da ya wuni a bakin ƙofar kontabul yana jiran cek, da ranar da ya zauna koyon sabuwar manhaja. In Allah ya taimake shi ya sayar da yini 120 a shekara, ya gode.

Yanzu a dubi abin da waɗannan yini 120 za su ɗauka. Cefanen gida da sauran buƙatu, jika 300 a wata, miliyan 3 da jika 600 ke nan a shekara. Kuɗin intanet, da wuta, da man babur, da hayar ɗan ɗakin aiki, da tanadin sabuwar kwamfuta ranar da wannan ta mutu, a ce jika 100 a wata, miliyan 1 da jika 200. Haraji, da magani, da ajiyar tsufa, da abin da za a ci a watan da babu aiki, a sake sa miliyan 1 da jika 200, tun da yanzu babu uban gidan da ke zuba masa kuɗi a CNSS. Jimla miliyan 6. A raba miliyan 6 gida 120, sai a samu 50.000 F. Wannan shi ne kuɗin yininsa na gaskiya, in har yana so ya zauna yadda ya ke zaune lokacin da ya ke ɗaukar albashi.

Da jika 15 ɗin da ya ke karɓa kuwa, yini 120 miliyan 1 da jika 800 za su ba shi. In an cire kuɗin kayan aiki, saura jika 600 a shekara, wato jika 50 a wata, kafin haraji. Mafi ƙanƙancin albashi a ƙasar nan tun Janairun 2024 jika 42 ne. Da na kai nan, yaron ya yi shiru ya daɗe, sa'annan ya ce: "Ashe ni ke biyan mutane don in yi masu aiki."

Ba na cewa kowa ya tashi gobe ya ce jika 50. Wanda ya fara jiya da wanda ya shekara 10 ba ɗaya ba ne, kuma kasuwar Tawa ba ta Yamai ba ce. Abin da ni ke cewa shi ne kowa ya san ƙasan farashinsa, kamar yadda mai sayar da buhun wake ya san nawa ya sayo shi a ƙauye da nawa ya biya mota da ƴan dako. In ka yi rangwame bayan ka san wannan, kyauta ka yi da saninka. In ka yi shi ba ka sani ba, asara ce.

Yini, jinga, ko wata

Hanya uku ake bi wajen yanka kuɗin irin wannan aiki, kuma dukansu manomanmu sun san su tun kafin a ƙera kwamfuta.

Ta farko ita ce kuɗin yini. Ita ta dace da aikin da ba a san iyakarsa ba tukuna, kuma ita ƙungiyoyi da projoji suka fi sabawa da ita. Aibinta shi ne tana hukunta gwani. Abin da sabon shiga zai yi a kwana 10, ƙwararre zai gama shi a kwana 3, sai ya tashi da kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Yanzu kuma da manhajojin basirar na'ura irin su ChatGPT suka shigo tun ƙarshen 2022, aikin hannu na rubuta dabarun lissafi ya ƙara sauri, don haka wanda ke sayar da sa'o'insa kaɗai, hajarsa kullum raguwa ta ke yi.

Ta biyu ita ce jinga: ga aiki, ga kuɗinsa, ga ranar gamawa. Ɗan kasuwa ya fi son wannan, domin ya san abin da zai fita daga aljihunsa. Shi ma mai aikin in ya ƙware, nan ribarsa ta ke. Amma ba a jingar gona sai an zagaya ta, kuma ba a cinikin biri a sama. A wannan sana'a, abin da ke cin lokaci ba zana allo ba ne, gyaran bayanai ne. Za ka tarar an rubuta sunan mutum ɗaya iri huɗu, an haɗa buhu da katan a layi guda, an sa wani ciniki da naira wani da sefa ba a bambanta ba, littafin wata biyu kuma ruwa ya ci shi. Saboda haka kafin ka faɗi kuɗin jinga, ka nemi a biya ka yini 2 ko 3 na dubawa kawai, ka rubuta abin da ka gani a shafi biyu. Wanda ya ƙi biyan kuɗin dubawa, da wuya ya biya kuɗin aiki.

Ta uku ita ce kuɗin wata. Bayan an gama allon, sai an riƙa zuba masa sababbin bayanai, ana gyara abin da ya lalace, ana zama da maigida sau ɗaya a wata a karanta masa abin da alƙaluma ke faɗi. A yanka wa wannan kuɗi tsayayye, a kuma faɗi yini nawa ya ƙunsa. Mutum 3 ko 4 masu biyan kuɗin wata su ne albashin mai zaman kansa, su ke riƙe gida lokacin da manyan ayyuka suka yi nisa.

Kafin alƙalami da takarda

Kuskure na biyu shi ne kunya. Ƙanen nawa ya yi wa wani babban ɗan kasuwa aikin wata 2, abokin mahaifinsa ne, da ya tambayi kuɗi tun farko sai aka ce masa: "Haba ɗana, tsakaninmu? Je ka yi, ba za mu ɓata ba." Yau wata 5 da gama aiki, in ya je sai a ce Alhaji ya yi tafiya. Ba mugunta ba ce lalle. Shi Alhaji a ransa jika 100 ya ke nufi, yaron kuwa jika 600 ya sa rai, ba wanda ya furta, yanzu kowa yana jin nauyin kowa, zumunci kuma ya fara tsami.

Magani shi ne takarda, ko da shafi ɗaya ce. A rubuta tambayoyin da aikin zai amsa, da bayanan da maigida zai bayar da ranar da zai ba da su, da wanda zai ce aiki ya yi, da kuɗi, da lokutan biya. Ni shawarata a kasa biyan gida uku: kashi 40 cikin 100 kafin alƙalami, 30 ranar da aka nuna aikin farko, 30 ranar miƙawa. Kada wani ya ga rubutu kamar rashin yarda ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, magana ta ke bisa rubuta bashi da kafa shaidu. Yaro zai iya faɗa wa babansa wannan cikin ladabi, ya ce: "Baba, don kada shaiɗan ya shiga tsakani ne."

Takardar nan kuma ita ke tsare mutum daga ƙari. Kowa ya san gyara a kasuwa: ka sayi tiya 5, a ɗan ƙara maka da hannu. Amma ba a gyara da buhu. A wannan aiki sai an kusa gamawa za ka ji: "Ɗan ƙara mani lissafin motoci," gobe kuma, "Ɗan haɗa da kantin Ƙonni." Kowane "ɗan" mako guda ne. Ka yi gyara sau ɗaya da farin ciki, ka rubuta shi a faktir ka sa sifiri a gabansa don a san an yi. Na biyu kuwa ka ce: "To, ranka ya daɗe, wannan sabon aiki ne, ga kuɗinsa."

Haraji da irin kuɗi

Wanda ke son manyan ayyuka sai ya fito fili. Ba banki ko ƙungiya ko ma'aikatar gwamnati da za ta biya mutum miliyoyi ba tare da lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci ba. Maison de l'Entreprise an kafa ta ne don a sauƙaƙa waɗannan takardu a wuri guda, kuma tun 2010 dokokin OHADA sun tanadi matsayi mai sauƙi domin mai ƙaramar sana'a shi kaɗai. Ka je ofishin lanho da ƙafarka ka tambayi rukunin da ka faɗa, kafin su zo su same ka.

Abu biyu ke cin masu wannan sana'a a nan. Na ɗaya, harajin TVA, wanda a ƙasarmu 19 cikin 100 ne. In kana cikin masu karɓarsa, ka ce miliyan 1 ba ka bayyana ko da haraji ko ba haraji ba, mai biya zai ɗauka da shi ne, kai kuma ka tashi da wajen jika 840. Na biyu, gwamnati da manyan kamfanoni sukan cire wani kaso na haraji tun daga tushe kafin su biya ka. Ka san da shi tun wajen ciniki, ka kuma karɓi takardar shaidar abin da aka cire, domin kuɗinka ne da ka riga ka biya.

Sai irin kuɗin da za a biya ka da shi. Mu da ke bakin iyaka, aiki yakan zo daga Katsina ko Kano, wasu samarin kuma ta intanet suna yi wa kamfanonin Turai aiki daga ɗakinsu. Da yuro babu fargaba, tun 1999 yuro ɗaya 655,957 F ne. Naira kuwa kowa ya ga abin da ya faru: daga wajen 460 a dalar Amurka kafin Yunin 2023, ta haura 1.500 a Fabrairun 2024. Wanda ya yi jinga da naira a tsakanin nan, aka biya shi bayan wata 6, ya san abin da ya gani. Iyayenmu ma ba su manta da Janairun 1994 ba, ranar da aka wayi gari sefa ta zubar da rabin darajarta. A rubuta irin kuɗin a takarda, a rubuta wanda zai ɗauki kuɗin aikawa. Haka nan manhajar da ake biya wata-wata, a saye ta da sunan maigida da kuɗinsa, kada ta zama kai ke biya da dala kana karɓar sefa.

Abin da ke daɗar da mutum a sana'ar

Kuɗi kaɗai ba su riƙe sana'a. Abu na farko, ka zaɓi fage guda ka san shi ciki da bai. Masu iya Power BI suna da yawa a duniya, kuma kullum ƙaruwa su ke. Amma wanda ya san yadda albasar Galmi ke rage nauyi a ajiya, ko yadda farashin aya da wake ke hawa da sauka daga kaka zuwa bazara, ko yadda bashin taki ke dawowa bayan girbi, ya kuma iya bayyana wa maigida wannan da Hausa cikin magana uku, ba shi da abokin takara da yawa. Alhaji ba zane mai launi ya ke saya ba, amsa ya ke saya.

Na biyu, kada ka rataya rayuwarka ga mutum ɗaya. Bayan Yulin 2023 projoji da dama sun tsaya cik, iyakar Najeriya ta kasance rufe har Maris 2024, a 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID. Waɗanda duk cinikinsu na ƙungiyoyin waje ne sun ji jiki. In mutum ɗaya ke ba ka fiye da rabin abin da ka ke samu, kai ma'aikacinsa ne, sai dai ba ka da haƙƙin ma'aikaci.

Na uku, amana. Wanda ya buɗe maka littafinsa ya buɗe maka cikinsa. Ka san ribarsa, ka san masu cin bashinsa, ka san abin da ko ɗansa bai sani ba. Ranar da magana ɗaya ta fita daga bakinka a majalisar shayi, ka gama aiki a garin nan. Ban da haka, tun 2017 ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Sunayen abokan ciniki da lambobin wayarsu ba naka ba ne, in aiki ya ƙare ka mayar, ka goge na wurinka.

Ga ma'aikata da ƴan kasuwa

Ɗan'uwana ma'aikaci, kai da ke ganin jika 50 a yini ka ninka sau 30 a zuciyarka, koma ka sake karanta lissafin da ke sama. Kada ka ajiye aiki sai kana da abin da zai riƙe gidanka wata 6, da mutum 2 aƙalla da suka ce za su ba ka aiki kuma suka sa hannu. Ka duba abin da dokar aikin gwamnati ta ce game da sana'ar gefe, ka kuma san akwai hanyar neman a dakatar da kai na wani lokaci ba albashi, wadda ta fi ƙona jirgi bayan an haye. Bayanan da ke cikin kwamfutar ma'aikatarku kuwa dukiyar ƙasa ce, ba jarinka ba.

Kai kuma Alhaji, ranka ya daɗe, araha ba ta ado. Yaron da ka matse ya karɓi kashi ɗaya cikin uku na haƙƙinsa, dole ya haɗa aikinka da na mutum 5, ranar da allon ya lalace kuma ba za ka gan shi ba. Ka tambaye shi abu uku kafin ku shirya: wace tambaya aikin zai amsa mani, wa zai riƙe shi in ka tafi, kuma a hannun wa mabuɗin bayanaina zai zauna? In ya amsa da kyau, biya shi da kyau, kuma a kan lokaci. In aikinsa ya tono maka bashin miliyan 5 da ka manta, jika 600 ba tsada ba ce.

Shi dai ƙanen nawa na ba shi rancen, amma da sharaɗi: ya sayi littafi na dala 40, ya rubuta kowane yini da abin da ya yi a cikinsa da wanda zai biya shi. Bashin ma mun rubuta shi, ya sa hannu na sa, ƙanwar matata ta yi shaida. Shekaranjiya ya aiko mani cewa ya koma wurin abokin mahaifin nasa da takarda a hannu, sun zauna, an ba shi rabi, saura bayan kasuwar Juma'a. Allah ya sa a cika.